Jawabi Kan Sa A Harhaɗa Kwamfutar Tebur

Duk mai son a harhaɗa masa kwamfutar tebur, to, ya fara sanin aikin da zai yi da ita. Ga lissafi da buga takardu, RAM mai gigabait 8 ya wadatar; gyaran bidiyo kuwa sai 16 ko fiye. Akwai masu wannan sana'a a kasuwar Computer Village ta Ikeja da Banex Plaza ta Abuja. Amma kafin ku biya, ku tabbata kamfanin yana da rajista da hukumar CAC. A rubuta muku sunan kowane kaya da wa'adin garantinsa a rasit, domin wasu kan sa tsoho su ce sabo ne. Wanda aka cuta, ya kai kuka hukumar FCCPC. Rigakafi ya fi magani.