Jawabin Ƙaddamar da Ƙungiyar Ɗalibai Masu Nazarin Husufi da Rediyo a Dogo

 Mai girma magajin gari, wakilin Mai Martaba Sarkin Damagaram, malamai, iyaye da ɗalibai.

Manya a nan ba su manta ranar Laraba 29 ga Maris 2006 ba. Da hantsi wata ya rufe rana, inuwarsa ta ratso Gusau da Katsina da Maraɗi ta shigo ƙasar Damagaram, ta wuce Libiya. Gari ya yi duhu, aka nufi masallatai. Kowa sama ya duba, alhali akwatin rediyo ma yana da labari.

Duk mai sauraro ya san bayan magariba ake kama tashoshin nesa a matsakaicin zango. Ga dalili. Daga kilomita 60 zuwa 90 a samanmu akwai wani rufin iska da hasken rana ke cika shi da lantarki. Da rana yana shanye muryar tasha. In rana ta faɗi sai ya baje, muryar ta haura, ta bugi wani rufin da ke bisa, ta dawo ƙasa mai nisa. Edward Appleton na Ingila ya tabbatar da wannan rufi na bisa a 1924.

Husufi kuwa dare ne na 'yan mintoci a tsakiyar yini, shi ya sa masana ke ɗokinsa: yana nuna saurin bajewar rufin farko da saurin komawarsa. A husufin 11 ga Agusta 1999 mutanen Ingila sun murɗa rediyo suka kama wata tashar Sifen da safe.

Ɗalibai, ranar 2 ga Agusta 2027 cikakken husufi zai bi ta Libiya da Masar da Makka, mu nan za mu ga rana ta gutsure. Ku fara tun yau. Ku zaɓi tashar nesa guda, ku riƙa rubuta lokaci da ƙarfin muryarta safe da dare, don in ranar ta zo ku sami abin gwadawa. Kada kowa ya kalli rana da tsirarar ido.

Iyaye, ku ba su batir da littafi. Malaman Jami'ar André Salifou ta Zinder, ku karɓi abin da suka rubuta ku duba.

Da sunan Allah na ƙaddamar da wannan ƙungiya. Allah ya sa albarka.