IDAN KAMFANI YA KARYE, WA AKE FARA BIYA?

Jawabin da aka gabatar a wani taron 'yan kasuwa a garin Gombe



Duk wanda ya tashi a garin nan ya san unguwar BCGA, ya kuma san daga kamfanin Turawa masu gurzar auduga ta samo sunanta. Audugar ƙasar Gombe na cikin wadda ta riƙe masaƙun Kaduna. Aka rushe hukumar cinikin auduga a 1986, masaƙu kuma suka shiga durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka yi shekara da shekaru suna neman haƙƙinsu, da dama suka rasu ba su karɓa ba. Wannan ne ya sa na zaɓi in yi magana a kan dokar karayar kamfani, domin ta shafe mu, ta kuma shafi 'yan'uwanmu da ke neman abinci a Ikko da Badun da Fatakwal.

Dokar kamfanoni ta 1990 ta fi ƙwarewa wajen jana'iza a kan jinya. Bashin naira 2,000 ya isa a kai kamfani Babbar Kotun Tarayya a nemi rushe shi. Sabuwar dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agusta na 2020 ta ɗaga wannan adadi zuwa naira 200,000, ta kuma buɗe ƙofar jinya. Ana iya naɗa mai riƙo ya tafiyar da kamfani na tsawon shekara guda, a dakatar da masu bin bashi daga yi masa wasoso, ko kuwa kamfani ya zauna da su a daidaita yadda zai biya. Wannan ci gaba ne, ban musa ba.

Amma ga inda gizo ke saƙa. In jinya ta ƙi, aka zo rabon abin da ya rage, akwai layi. Bankin da ya riƙe fili ko injin kamfani jingina shi ne a gaba. Sai albashin ma'aikata da harajin gwamnati. Can baya kuwa sai wanda ya ba da kaya bashi ba tare da jingina ba. To, jama'a, su wane ne waɗannan na baya? Mu ne. Manomin Kumo da ya kai auduga, da mai motar da ya yi dako, da Alhajin da ke kai wa kamfanin nama shanu a Ikko bisa amana, ko takarda babu. Sau da yawa kafin layi ya iso kansu tukunya ta ƙare.

A Ingila, tun dokar 2002, akan keɓe wani kaso na dukiyar kamfani domin irin waɗannan masu bin bashi. Ina ganin ya kamata wakilanmu a Majalisar Tarayya su dubi wannan da idon basira. Su kuma dubi jinkirin shari'a, domin injin da aka kulle shekara biyar ana ɗage zama, tsatsa ce ke gadonsa.

Kafin nan, 'yan'uwa, kowa ya ba kamfani kaya to ya karɓi takarda mai hatimi da kwanan wata, ya adana. Ran da kuka ji an naɗa mai riƙo ko mai rushewa, ku kai masa shaidar bashinku a rubuce cikin wa'adin da ya sanar, domin wanda sunansa ba ya cikin littafi ba a lissafa shi a rabo.

Wassalam.