Yankin Juyi na DNS: Rabin Aikin da Ake Bari a Ƙananan Cibiyoyin Sadarwarmu

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Kowa a zauren nan ya san yadda ake ba saba suna ta dawo da adireshi. Abin da ya kawo ni shi ne ɗaya ɓangaren, a ba ta adireshi ta dawo da suna. A ofisoshi da makarantu da ƙananan asibitocin da na yi wa aiki, da wuya in tarar an kafa wannan yanki na juyi. Ɗan kwangila zai ja waya, ya kunna DHCP, ya buɗe Google a gaban shugaba, a sa hannu a biya shi, shi ke nan.

Tun 1996 takardar RFC 1918 ta keɓe rukuni uku na adireshi don amfanin cikin gida: 10.0.0.0/8 da 172.16.0.0/12 da 192.168.0.0/16. Ba wanda ya san mai riƙe da 192.168.1.20 a ofishinka sai kai. Amma idan wata manhaja ta nemi sunansa, za ta juya lambobin ta tambayi 20.1.168.192.in-addr.arpa, kuma in ba saba a gida da za ta amsa, sai tambayar ta fita duniya. Yawan irin waɗannan tambayoyi ne ya sa aka kafa shirin AS112, inda masu sa kai ke ajiye sabobi a sassan duniya, aikinsu kawai su ce babu. A 2011 RFC 6303 ta ce a riƙa amsa su a gida. Yau BIND da Unbound suna yin hakan da kansu, sai dai amsar tasu ma babu ce, mu kuwa suna muke buƙata.

Na ga illar wannan da idona a wani ƙaramin asibiti. Masu aikin hanya suka tsinke wayar intanet da safe. Ma'aikaciyar rajista ta zauna ta zuba wa allo ido, layin marasa lafiya har bakin ƙofa, wata uwa tana ta jijjiga yaro mai zazzaɓi. Sabar bayanan tana ɗaki na gaba, taku goma bai kai ba. Me ya riƙe ta? MySQL ce ke neman sunan duk kwamfutar da ta haɗu da ita, kuma an nuna mata sabobin DNS na waje kaɗai. Tsarin Linux na asali yana jiran daƙiƙa 5, ya gwada sau 2, a kan sabobi har 3, wato kusan daƙiƙa 30 kafin ya haƙura. Hukumar asibitin ta kira mai ba su intanet ta zazzaga masa faɗa, ta kuma sayi sabuwar rauta. Maganin kuwa fayil ne da bai kai layi 20 ba.

Za a ce mini a sa skip-name-resolve, ko a tuna mini cewa OpenSSH ya kashe UseDNS tun fitowar 6.8 a 2015. Gaskiya ne, jiran zai ragu. To ranar da aka goge bayanan wani, ka buɗe kundin saba ka tarar da lambobi zalla, DHCP kuma ya riga ya ba wata na'ura adireshin, wa za ka tuhuma?

Aikin kansa ba wuya. Ka kafa yankin 1.168.192.in-addr.arpa, ka sa SOA da NS, sai PTR ɗaya ga kowace na'ura. Kuskuren da na fi gyarawa shi ne ɗigon ƙarshe. Ka rubuta rajista.asibiti.internal ba ɗigo, BIND zai liƙa masa sunan yankin a wutsiya, ya fito rajista.asibiti.internal.1.168.192.in-addr.arpa, ka wuni kana neman inda aka ɓata. Na biyu, a gyara fayil a manta ƙara lambar siriyal, saba ta biyu ta ci gaba da ba da tsohuwar amsa. Masu amfani da rukunin 172 su lura, yankuna 16 ne, daga 16.172 zuwa 31.172. Masu Windows Server kuma, girka Active Directory ba ya kafa muku yankin juyi, sai kun yi da hannu. Na'urorin da adireshinsu ke sauyawa a bar wa DHCP ya rubuta su. Dnsmasq yana yi da kansa. Na IPv6 alamomi 32 ne a ƙarƙashin ip6.arpa, kada wanda ya rubuta su da hannu.

Ƙorafina yana kan jami'an da ke karɓar aiki. Suna ƙirga kwamfutoci da soket da tsawon waya har da inci, amma ban taɓa ganin takardar karɓa mai layi ɗaya a kan DNS ba. Ina roƙon wannan taro ya saka sharaɗi ɗaya a shawarwarinsa: kafin a biya kuɗin ƙarshe, a zare wayar intanet, a buga dig -x a kan kowace saba da firinta, sunan da ya dawo a sake tambayarsa ya ba da adireshin nan dai. In ɗaya ta gaza, a riƙe kuɗin har ɗan kwangila ya dawo ya gyara.