Jawabi a Kan Marigayi Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali

An umurce ni in faɗi kaɗan daga labarin wani soja da ya rasu a bakin daga, watau Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali. Ni akawun kotu ne, saboda haka sai in bi al'adar aikina, in fara da asalin mutum, sa'an nan in zo ga abin da ya aikata.

Gidansu yana ƙasar Bassa-Nge cikin Jihar Kogi, kusa da inda Kwara da Binuwai suka gamu. Mutanen nan tushensu Nufawa ne, don haka ake ce wa sarkinsu Etsu. Ubansa, Birgediya Janar Abu Ali, ya yi Gwamnan soja na Jihar Bauchi daga 1990 zuwa 1992, da ya bar aikin soja kuma aka naɗa shi Etsu. A wannan gida aka haifi Muhammad cikin 1980. Ɗan Gwamna, ɗan Sarki, ai da ya so inuwa da bai rasa ba. Amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Cikin 1998 ya shiga makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, ya fito cikin 2003, aka sa shi ƙungiyar masu tankokin yaƙi.

Cikin Janairu 1 ga wata bai daɗe da wucewa ba, a shekarar 2015, 'yan Boko Haram suka ci garin Baga na bakin Tafkin Cadi, suka kashe mutane, sauran suka watse. Cikin Fabrairu sojoji suka ƙwato garin, Muhammad na cikin waɗanda suka ja gaba da tankokinsa. Saboda jarumtakarsa, cikin shekarar nan Hafsan Hafsoshin Sojan Ƙasa na lokacin, Tukur Buratai, ya ɗaga shi daga Manjo zuwa Laftanar Kanar tun lokacinsa bai yi ba.

Ran Jumma'a 4 ga Nuwamba 2016, da dare, abokan gaba suka auka wa sansanin soja a Malam Fatori, bisa iyakar Borno da Nijar. Nan ajali ya same shi tare da waɗansu sojojinsa, yana da shekara 36. Ran Litinin 7 ga wata aka binne shi a maƙabartar soja ta Abuja. Ya bar mata da 'ya'ya uku, ga uba tsoho bisa gadon sarauta yana karɓar ta'aziyyar ɗansa.

To, jama'a, ina abin da ya shafe mu? Abu biyu ne. Na fari, haihuwa a babban gida bashi ne, ba a biyansa sai da wahala saboda talakawa. Na biyu, sojojin da suka faɗi tare da shi ba duka ke da uba Sarki ba. Matan irinsu da marayunsu wurinmu su kan zo, neman takardar shaida ko rabon gado. Kadan muka ce su komo gobe, gobe kuma muka ce jibi, ko muka miƙa hannu kafin mu ɗauki alƙalami, lalle mun ci amanar wanda ya ba da ransa domin mu kwana lafiya. Ina roƙonku, duk sa'ad da takardar matar soja ta iso teburin ɗayanmu, kada rana ta faɗi tana nan.

Allah ya ji ƙansa da su duka, ya raya abin da suka bari, ya ba ƙasarmu lafiya, amin. Haza wasalam.