Iskar Ɗaki A Lokacin Damina

Yau maganarmu a kan iskar da muke shaƙa cikin ɗakunanmu ne, musamman da damina. Muna kira ga kowa, amma tun ba mutanen kudancin Kano ba, watau Bebeji da Tudun Wada da Doguwa da Kiru, har da Badafi da ƙauyukan da ke kewaye da ita.

Me ya sa muka ambaci waɗannan wurare? Domin ruwan sama ya fi yawa a can bisa ga arewacin Kano. Yakan sauka da wuri, ya kuma daɗe bai ɗauke ba, balle wajen Riruwai da Dajin Falgore. Ga kuma madatsar ruwa ta Tiga da aka gama a 1974, ga fadamun shinkafa da rake. Cikin watan Agusta sai ka taɓa bango ka ji shi da sanyi, tabarma ta yi laima, tufafi cikin akwati su yi fumfuna.

To, idan ruwa ya tsuge, me uwargida takan yi? Sai ta ɗauke murhu daga tsakar gida ta kai ɗaki ko zaure. Itacen kuwa ya jiƙe, ba ya ci sai hayaƙi. A ja ƙofa don feshi, taga kuma tun bara an toshe ta da tsumma. Ga goyo a bayanta. Duk abin da ta shaƙa shi ma ya shaƙa, alhali huhunsa ƙarami ne, numfashinsa kuma ya fi nata sauri. Ku ɗaga kai ku dubi azarar ɗakin da ake girki a ciki. Baƙin nan da kuke gani, irinsa ne ke shiga ƙirjin yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a duniya, da yawansu ƙananan yara, ta hanyar ciwon huhu.

Ba mu ce a daina girki da itace ba, mun san halin da ake ciki. Abin da muke roƙo, maigida ya kafa rumfa a tsakar gida, mai rufi amma gefenta a buɗe, a riƙa girki ƙarƙashinta. A tanadi busasshen itace tun bazara, a jera shi inda ruwa ba ya taɓawa. In za a hura wuta, a sauke goyo a ba kakarsa ko yayarsa. Kada a kama wuta da leda ko tsohon takalmin roba.

Akwai abin da ya fi hayaƙi mugunta, domin shi ba a ganinsa, ba a jin warinsa. Likitoci na ce masa kabon monosayid. Daga gawayi yake fita, da injin janareta. Ya shiga jini sai ya tare wurin iska mai amfani. Farkonsa ciwon kai da jiri da amai, ƙarshensa barcin da ba a tashi. Saboda haka kada a kwana da kaskon wuta a ɗaki rufe, ko da na mai jego ne. Janareta kuwa, ruwa ko ba ruwa, wurinsa waje, nesa da taga. In kun tarar da mutanen ɗaki ɗaya duk suna kukan ciwon kai, ku fitar da su waje nan da nan, sa'an nan a kai su asibiti.

Sai maganar laima. Fumfuna takan saki wata ƙura da ido ba ya gani, ita ce ke tayar wa mai asma ciwonsa. A gyara indararo ya zubar da ruwa nesa da gindin bango. A toshe yoyo. Ran da rana ta fito, a fid da katifa da tabarmi a shanya, a buɗe ƙofa da taga. Taga ɗaya ba ta isa, sai da wata kafa a bangon da ke fuskantarta, iska ta shiga nan ta fita can. Wani zai ce, to sauro fa? A sa wa tagar waya mai ƙananan ido, a kwana cikin gidan sauro. Wannan ya fi maganin sauro na kunnawa, wanda shi ma hayaƙi ne. Buhunan masara da aka sa wa maganin ƙwari kuma, ba a ɗakin kwana ake ajiye su ba.

Iyaye mata, in yaro yana tari, ku buɗe rigarsa ku duba. In numfashinsa ya kai 50 a minti ɗaya ga wanda ke tsakanin wata 2 da shekara 1, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko kuka ga ƙasan haƙarƙarinsa na faɗawa ciki, kada ku jira ran kasuwa. Ku kai shi wurin malamin asibiti ran nan. Babba kuwa da tarinsa ya kai mako biyu, ya je a auna majinarsa don tarin fuka, kyauta ne a asibitin gwamnati.

Sai mun sadu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.