Yadda Aka Kafa Garin Limbe a Bakin Teku

Tun da yake ranar tunawa ce ta tara mu, bari mu ba ku labarin wani gari na ƙasar Kamaru wanda kora ce ta haife shi.

A zamanin dā akwai wata ƙaramar ikilisiya ta Baftis a tsibirin Farnando Po, wanda yanzu ake kira Biyoko. Yawancin mutanenta bayi ne da aka 'yanta, da 'ya'yansu. A shekara ta 1858 gwamnan Ispaniya ya sauka tsibirin, ya hana duk wata sujada a fili sai ta Katolika. Mai bishara Alfred Saker, mutumin Ingila, ya shiga jirgi ya bi gaɓa yana neman inda jama'arsa za su yi addu'a ba mai hana su. Ya sami wani lungu na teku a gindin babban dutsen Kamaru, ya sayi ƙasar daga hannun Sarki Wiliyam na Bimbiya, ya sa wa wurin suna Biktoriya, sunan Sarauniyar Ingila.

Kada mu ce Bature kaɗai ya yi aikin. Kafin wannan, Joseph Merrick, mutumin Jamaika, ya zauna Bimbiya yana juya Maganar Allah cikin harshen Isubu, har ciwo ya ci ƙarfinsa ya rasu a 1849. Joseph Jackson Fuller kuwa cikin bauta aka haife shi a Jamaika, ya kuma yi shekaru da yawa yana wa'azi a wannan gaɓa. Waɗanda suka sare kurmi suka kafa bukkokin farko, baƙaƙen mutane ne kamarmu. Wuri ne mai wuyar zama: yashin bakin teku baƙi ne, gama dutsen mai aman wuta ne, ruwan sama kuma sai ya kwana ya wuni yana zuba. Mu mutanen sarari da ke duban gabas muna jiran hadari, da kyar za mu gaskata.

Saker ya roƙi gwamnatin Ingila ta karɓi garin, ta yi ta ja da baya. Sai a 1884, da Jamusawa suka riga suka ƙulla alkawari da sarakunan Duwala, aka kafa tutar Ingila a Biktoriya. A 1887 aka miƙa garin ga Jamus, aikin mishan kuma ya koma hannun Mishan na Basel. Amma Baftis na garin da yawa suka ƙi, suka riƙe ikilisiyarsu da kansu.

Daga nan garin ya girma, gama Jamusawa sun ga ƙasar dutsen tana da albarka. A 1892 suka buɗe lambun gwajin itatuwa wanda yana nan har yau, suka kafa manyan gonaki na koko, daga baya roba da kwakwar manja da ayaba. Nan ne ya kamata mu faɗi abin da ba shi da daɗin ji. Gonakin nan a ƙasar Bakweri aka yi su, bayan an ci su da yaƙi a 1894, aka tura su zuwa 'yan ƙananan wurare. Garin da korarru suka kafa ya yi arziki da ƙasar waɗansu korarru. Ko da Ingilishi suka karɓi mulki a Yaƙin Duniya na Fari, gonakin ba su koma ga masu su ba. Bayan Yaƙi na Biyu aka ba da su ga hukumar CDC, leburori kuma suka yi ta zuwa daga ƙasar tudu da Nijeriya.

A 1961 jama'ar Kudancin Kamaru suka jefa ƙuri'a suka haɗu da Jamhuriyar Kamaru. A 1962 Baftis suka buɗe makarantar 'yan mata da sunan Saker. A 1981 aka buɗe matatar mai a gefen garin, wadda gobara ta ci a 2019. A 1982 kuma Shugaba Ahmadu Ahidjo ya kawar da sunan Sarauniya, aka kira garin Limbe, sunan rafin da ya ratsa ta cikinsa.