Adabi Ba Hadda Ba Ne: Bitar Jigo, Adon Harshe Da Wasan Kwaikwayo Don Ƙannenmu 'Yan Aji Uku

Masu sauraro da masu karanta rubutaccen shirin a wannan shafi, musamman mutanenmu na Dutsi, Shargalle, Kayawa, Yamel da sauran garuruwan shiyyar Daura, ina gaishe ku da kyau.

Yau ba siyasa za mu taɓa ba, aji za mu koma. In kana da ƙane ko ƙanwa a aji uku na ƙaramar sakandare, ka san jarrabawar BECE na jiran su a ƙarshen shekarar karatu, kuma a takardar Hausa da ta Turanci akwai tambayoyin adabi. Abin da ke damuna shi ne yadda yaranmu ke shirya mata. Ka tambayi yaro mene ne jigo, sai ya zubo maka ma'anar kamar yana biya allo. Ka ba shi labari mai shafi ɗaya ka ce nuna mini jigon, sai ya tsaya yana kallon rufin ɗaki. Ya haddace sunan abu, bai san abin ba.

Kada wani ya ce ai maki ne kawai. Yaron da ba ya iya gane abin da ke bayan magana, shi ne gobe za a turo masa sautin murya a WhatsApp ya hau kai ya zauna. Shi ne ɗan siyasa zai yi wa kambamawa a dandalin kamfe ya ɗauke ta alkawari. Don haka bitar nan ta yara ce, amma manya ku ma ku matso. Abu huɗu za mu duba: rabe-raben adabi, jigo, adon harshe, sai wasan kwaikwayo.

Na farko, rabe-raben adabi.

Adabin Hausa gida biyu ne: na baka da rubutacce. Kowanne kuma ya kasu uku, wato zube, waƙa da wasan kwaikwayo. Zube magana ce a shimfiɗe, irin tatsuniya, hikaya, ko littafin ƙagaggen labari. Waƙa na da kari da amsa-amo, rubutacciyarta kuma a baitoci take zuwa. Wasan kwaikwayo kuwa an tsara shi ne don a aikata a gaban jama'a.

Hanya mafi sauƙi ta gane bambancin ita ce ka ga labari ɗaya ya sauya riga. Ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A zube ya fito a 1934. A 1975 Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, sannan a 1976 Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa. Labarin bai sauya ba: yaro ne aka raba da gida a zamanin cinikin bayi, aka tsallaka hamada da shi, mahaifiyarsa ta bi sawu tana nema. Abin da ya sauya shi ne hanyar isar da shi. A zube marubuci ne ke gaya maka uwar na cikin baƙin ciki. A dandamali babu mai gaya maka, sai dai ka gani a fuskarta, ka ji a muryarta.

Mu nan ma muna da namu a ƙofar gida. Labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu da ke Daura, a wane rukuni yake? Ba tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba ce, domin rijiyar na nan, kowa na iya zuwa ya leƙa. Ba kuma tarihi ne tsantsa irin mai ranaku da takardun shaida ba. Malaman adabi na kiran irinsa tarihihi, wato labarin da ya jingina da wuri ko mutanen da aka sani, amma baki ya daɗe yana yi masa ado.

Na biyu, jigo.

Jigo shi ne saƙon da marubuci ya gina aikinsa a kai. Inda yara suka fi faɗuwa shi ne, ana tambayar jigo sai su kama ba da labari. Ka ce mene ne jigon Shaihu Umar, yaro ya fara da "wai akwai wani yaro da aka sace". A'a ƙanena, wannan labarin ne. Jigon shi ne bauta da yadda take wargaza iyali. Labari kan ci shafi hamsin, jigo kuwa jimla ɗaya ta ishe shi.

Ga tambayoyi uku da za su kai ka ga jigo. Wane ne tauraron labarin, kuma me yake nema? Me ya tare masa hanya? Da aka kai ƙarshe, wa ya samu, wa ya rasa, kuma saboda me? Amsar ta ukun nan, a nan jigo yake kwance.

Mu gwada da Kusugu. Mutanen gari na neman ruwa. Maciji ya hana su ɗiba sai ranar Juma'a. Baƙo ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce babu, ya tafi rijiyar da dare ya kashe macijin, daga baya ya auri sarauniya Daurama. Babban jigo a nan jarunta ce da kuɓutar da jama'a daga ƙangi. Akwai kuma ƙananan jigogi, kamar karɓar baƙo, da asalin Hausa Bakwai ta hanyar Bawo da 'ya'yansa. Kun ga ke nan aiki ɗaya na iya ɗaukar babban jigo guda da ƙanana da yawa. A jarrabawa, fara da babban, sannan ka kawo hujja daga cikin labarin. Jigon da babu hujja ra'ayinka ne kawai.

Na uku, adon harshe. Nan zan ɗan daɗe.

Yawancin sunayen da ake koyarwa a makarantu a wannan fanni za ka same su a littafin Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero, Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa. Sunayen ne ke tsorata yara, alhali abin da suke nufi kullum yana bakin iyayenmu mata a tsakar gida.

Kamantawa: ka ajiye abu biyu gefe da gefe, da kalmar da ke haɗa su, irin kamar, tamkar, ya fi, bai kai ba. "Tashar ta cika kamar jajibirin Sallah", wannan kamancen daidaito ne. "Zafin watan Afrilu ya fi na bakin murhu", fifiko ke nan. "Hasken tocila bai kai na farin wata ba", wannan kasawa.

Siffantawa: ka jefar da "kamar" ɗin, ka ce abu kaza shi ne kaza kai tsaye. "Malaminmu rijiya ne." Ba wanda zai zo da guga, kowa ya gane ilimi ake nufi. Kirarin garuruwanmu cike yake da ita: Kano tumbin giwa, Katsina ɗakin kara, Daura tushen Hausa. Dabarar jarrabawa a nan ɗaya ce: ka ga kalmar haɗi, kamantawa ce, ba ka gan ta ba, siffantawa ce.

Jinsarwa: ka ɗauki halin wani jinsi ka ba wani. In ka ba abin da ba mutum ba halin mutum, mutuntarwa ce: "yunwa ta ƙwanƙwasa mana ƙofa", "damina ta yi fushi bana". In ka ba mutum halin dabba, dabbantarwa ce: "mai gidan haya ya shigo yana gurnani". In ka mai da mutum kamar wani abu marar rai, abuntarwa ce: "da aka kira sunansa sai ya narke a kujera".

Kambamawa: ka hura magana ta wuce yadda hankali zai ɗauka. "Na kira ka sau dubu." Sau huɗu ne, mun sani. Makaɗan fada da mawaƙa irin marigayi Mamman Shata, ɗan Musawa da ya rasu a 1999, sun ƙware a wannan, kuma mai sauraro ya san ado ne. Matsalar tana zuwa ne lokacin da aka yi maka kambamawa da sunan alkawari. Wanda ya ce zai mai da ƙauyenku Dubai cikin shekara huɗu, ɗan aji uku ma ya kamata ya iya faɗin sunan abin da ya yi.

Alamtarwa: abu ya tsaya a madadin wata ma'ana da ta fi shi girma. Allo na nufin karatu, rawani na nufin sarauta. A takardar zaɓe, tsintsiya da lema ba kayan shara da na ruwan sama ba ne, kowa ya san abin da suke wakilta. Macijin Kusugu ma kana iya karanta shi a matsayin alama: duk wanda ya zauna a kan abin da yake na jama'a, ya ce sai ranar da ya ga dama za a taɓa. Ku duba unguwarku da kyau, in akwai famfon da aka gina da kuɗin jama'a amma makullinsa na aljihun mutum ɗaya, to kun gane karatun.

Na huɗu, wasan kwaikwayo.

Kafin a fara rubuta shi, Bahaushe na yin sa. Tashen da yara ke yi daga goma ga watan azumi wasan kwaikwayo ne cikakke: akwai shiga, akwai kwaikwayon murya da tafiya, akwai masu kallo, akwai saƙo. Jatau Mai Magani na kwaikwayon mai tallar magungunan gargajiya. 'Yan mata kuma a wasanninsu na kwaikwayon zaman aure da na kishi. Langa da wasan 'yar tsana duk suna cikin wannan gida.

Rubutaccen kuwa ya fara bayyana da Six Hausa Plays na Rupert East. Daga baya aka samu Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada wanda ya duba rikicin aure, da Kulɓa Na Ɓarna na Umar Ɗanjuma Katsina a 1979, wanda ya taɓo yadda masu kuɗi ke lalata rayuwar 'yan mata 'yan makaranta. Ku lura da sunan na ƙarshen: rabin karin magana ne, kulɓa ke ɓarna a ɗora wa jaba. Tun daga bango marubucin ya ba ka makullin jigonsa.

Abin da za ka riƙe game da tsarinsa: ana raba shi kashi-kashi, kowane kashi kuma fitowa-fitowa. Sunan ɗan wasa na gefe, maganarsa na biye. Bayanin da ke cikin baka biyu umarni ne ga mai wasa, ba a furta shi. Kuma dole a sami rikici, don in kowa ya yarda da kowa tun fitowa ta farko, sai a tashi a tafi gida. Yaron da ke bin Daɗin Kowa ko Labarina ya riga ya san duk wannan, suna kawai ya rage a ba shi. Bayan an gama kallo, tambaye shi: wa ke rikici da wa, a kan me? Ka yi masa bitar adabi ba tare da ya sani ba.

Yanzu ga abin da nake so matasa mu ɗauka. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Littattafai biyar suka fito daga gasar: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Uku daga cikin marubutan na da alaƙa da Katsina. Malam Bello Kagara mai Ganɗoki ya koyar a Kwalejin Katsina. Tafawa Ɓalewa a kwalejin ya yi karatu. Abubakar Imam kuwa malami ne a Makarantar Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja. An haife shi a 1911, ku yi lissafi: shekararsa 22. Tafawa Ɓalewa, haihuwar 1912, yana da 21. Babu intanet, babu kwamfuta. Bayan 'yan shekaru Imam ya rubuta Magana Jari Ce, ya kuma zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Littattafan da ake ba ƙannenmu su karanta yau, sa'o'inmu ne suka rubuta su, wasunmu ma mun girme su a lokacin.

To mu da muka gama jami'a da kwaleji muka dawo gida muna jiran aiki, me ya hana mu ba da awa biyu a mako? Ba sai an jira gwamnati ko wata ƙungiya ta kawo tallafi ba. Tabarma, inuwar bishiya ko zauren wani dattijo, da littafi ko da kwafi ɗaya ne, sun isa. A fara da neman izinin iyaye da na shugaban makaranta. 'Yan'uwa mata su ɗauki ajin 'yan mata, don iyaye su fi sakin jiki. Mako na farko a karanta labari da ƙarfi, a nemo jigo da tambayoyin nan uku. Mako na biyu kowane yaro ya kawo karin magana biyar daga bakin kakarsa, a zauna a tantance adon da ke ciki. Mako na uku a raba su rukuni-rukuni, su mai da labarin Kusugu wasa mai fitowa uku, su rubuta da hannunsu. Mako na huɗu su yi shi a gaban iyayensu. Yarinyar da ta fara a irin wannan zama, ita ce gobe za ta iya shiga gasar Hikayata da BBC Hausa ke shirya wa mata tun 2016.

Kafin mu rabu, ga aikin gida. Jimla uku ce, ku ba ƙannenku su faɗi adon da ke cikin kowacce: "Talauci ya tare a gidan ya ƙi tafiya." "Yayata garkuwa ce." "Layin gidan man ya kai Maraɗi." In sun ci uku, ku saya musu alawa. In kai babba ka kasa, to ka sake karanta shirin daga farko, ba wanda zai ji.

Wanda yake da malamin Hausa ko na Turanci a lambobinsa, ya tura masa wannan rubutu. Allah ya ba ƙannenmu sa'ar jarrabawa, ya sa albarka a karatunsu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.